Boilar Vaillant a gidan haya a Manchesta: shekara uku ina koyon yarenta

Ranar da muka tare a gidan nan, ƙarshen 2021 kenan, mai gidan ya zagaya dani ɗaki ɗaki, da muka zo kicin ya buɗe wata kabad ya nuna min farin akwati manne da bango yace wannan ita ce boila, kar ka taɓa komai, in tayi wani abu ka kira ni. Ni da na taso ruwan wanka a tukunya ake ɗora shi a surka a bokiti, in an kawo wuta a jefa hita, me zan taɓa dama. Vaillant ce, ƙirar ecoTEC plus, irin wadda suke cewa kombi, wato bata da tankin ajiye ruwan zafi, kana buɗe famfo take kunna wuta ta dafa maka shi a take, kuma ita ɗin dai ce take tura ruwan zafi cikin ƙarafunan nan na jikin bango masu ɗumama ɗaki. Ni lagireto nake ce musu, tunda aikinsu kusan ɗaya ne da na mota. Kamfanin na Jamus ne, tsoho ne sosai tun 1874, a garin Remscheid, amma suna da masana'anta a nan Ingila a wani gari Belper.

In dai hukunci kake so a gajarce, inji ne mai kyau, bata da ƙara, ruwan shawa baya yin sanyi a tsakiyar wanka sai dai in wani ya buɗe famfon kicin da ƙarfi, kuma a shekara ukun nan duk lokacin da ta tsaya in aka bincika sai a tarar matsalar daga wani wurin take, ita kawai rahoto ta kawo. To rahoton nan ne abinda nake so nayi magana akai, don shi ya ci min kuɗi a banza farkon zuwana, kuma nasan akwai 'yan uwa da yawa da suka shigo aikin asibiti da kula da tsofaffi da karatu waɗanda wannan hunturun ne na farkonsu.

Abinda ya faru shi ne, wata asabar a watan Janairu gida yayi sanyi, na taɓa lagireton falo naji shi ɗumi ɗumi ba zafi ba, na leƙa boila babu alamar wuta a ɗan allon nata. Na shiga danne danne, har na faɗa wani wuri da aka rubuta Live monitor, sai ga S.08. Gabana ya faɗi wallahi. A tunanina duk lambar da inji ya nuna maka lalacewa ce, kamar fitilar nan ta inji a mota. Na kira mai gida bai ɗauka ba, uwargida tana cewa Maigida yaran nan fa mura suke, kayi wani abu mana, sai na nemo wani mai gyara a intanet yace zai zo amma kuɗin fitowa na ranar hutu daban ne. Kafin ya iso boila ta kunna kanta gida ya ɗau zafi. Bawan Allah ya shigo ya cire takalmi, ya dubi allo, ya tambaye ni me na gani, nace S takwas, sai da ya ɗan yi shiru yana neman yadda zai faɗa min ba tare da ya bani kunya ba. Wai hutawa take. Fam 85 na biya aka gaya min injina hutawa yake.

Amma kuɗin basu tafi a banza gaba ɗaya ba, don mutumin ya tsaya kusan minti ashirin yana min karatu, har shayi ya sha. Ga abinda na riƙe. Haruffa uku ne a gaban lambobin. S labari ne kawai take baka na abinda take yi a wannan lokacin, ba ciwo bane. F shi ne matsala, ta tsaya kuma tana gaya maka dalili. D kuma na masu gyara ne, saitin ciki, babu ruwanka dashi. Shi kenan fa. Da wani ya gaya min wannan layi ukun ranar da na karɓi makulli da fam 85 ɗina sun tafi gida an sayi buhun shinkafa.

Su lambobin S ɗin in ka tsaya kana kallonsu har daɗi suke, kamar kana kallon mutum yana shirin girki. Ka ƙara tamostat, wato 'yar na'urar bangon da kake saita zafin gida da ita, sai kaga S.01 fanka ta tashi, S.02 famfon da ke tura ruwa ya fara juyawa, S.03 tana ƙyasta wuta zaka ji ƙas ƙas ƙas, S.04 wuta ta kama ana ɗumama gida. In ruwa yakai zafin da aka saita sai ta kashe wuta, famfo ya cigaba da juyawa na ɗan lokaci don ya kwashe zafin da ya rage, wannan shi ne S.07, daga nan sai mutumina S.08. An yi mata haka ne don kar ta riƙa kunnawa tana kashewa duk bayan minti ɗaya, abinda ke cinye gas ya gajiyar da kayan ciki, daga kamfani iyakar jiran minti 20 ne ake sa mata, mai gyara na iya ragewa ko ƙarawa. S.00 kuma babu wanda ya nemi zafi. In ka buɗe ruwan zafi lambobin sai su koma gidan goma, S.14 wuta na ci don ruwan famfo. Akwai biyu da suke rikita mutane sosai, S.30 da S.31, na farkon tamostat ɗin bango ne ya hana ta aiki, na biyun kuma an bar ta a tsarin bazara ko dai babu umarnin ɗumama gida. Mu sau biyu S.30 tana fito mana, ɗaya batirin tamostat ne ya mutu, ɗayan kuma autarmu ce ta hau kujera ta murɗe shi zuwa ƙasa. Sai S.34 da zaka iya ji cikin dare ta tashi da kanta alhali ka kashe ɗumama gida, ba aljanu bane, in ruwan cikinta ya sauka ƙasa da digiri 5 tana kunna kanta don kar ya daskare ya fasa bututu. Shi yasa in zaka tafi gida hutun Disamba kar ka kashe ta daga soket don tsimin wuta, tsimin da zai sa ka dawo ka tarar da silin a ƙasa.

Yanzu gidan F. Wadda kowa zai haɗu da ita ko ba daɗe ko ba jima ita ce F.22, ruwa yayi ƙasa a cikin bututun. Ruwan da ke zagaye lagiretocin nan a rufe yake, shi ɗin ne dai yake ta zagayawa, kuma yana buƙatar matsi tsakanin ba 1 zuwa 1.5 in injin yana sanyi, ba ɗin nan (bar) shi ne ma'aunin matsin da zaka gani a allo. In ya sauka sosai sai ta ƙi kunna wuta, kuma gaskiyarta, wa zai ɗora tukunya babu ruwa. A ƙasan tamu akwai wasu 'yan makunnai guda biyu, ka buɗe ɗaya ka buɗe ɗayan a hankali zaka ji ruwa na shiga shuuu, idonka na kan allo, yana kaiwa 1.3 ko 1.5 ka rufe duka biyun tam. Wasu gidajen wata 'yar tiyo ce mai kalar azurfa da bawul a kowane gefe, aikin ɗaya ne. Karo na farko hannuna har rawa yake, yanzu ina yi ina waya. Abinda zan ja kunne akai, kar ka cika da yawa don kana ganin ai gara ya ishe ta, ruwa in yayi zafi kumbura yake, yana kaiwa ba 3 akwai bawul da zai buɗe ya zubar dashi ta wani ɗan bututun jan ƙarfe a bayan gida. Kuma in kaga kana ƙara ruwa duk sati to wani wuri yana yoyo, ba ƙarin ruwa bane maganin. Mu haka mukayi ta yi wata guda cur, sai ranar da uwargida ta janye gadon yara zata share ta tarar kafet ya jiƙe a gindin lagireto, bawul ɗin gefensa ne ke ɗiga ɗis ɗis, har katakon ƙasa ya fara baƙi. Mai gida ya turo fulamba ya canza, tun daga lokacin sau ɗaya ko biyu a shekara nake ƙarawa, yawanci bayan na fitar da iska daga lagiretocin da ɗan makullin nan. Mai gyaran nan na farko yace in kuma ba yoyo amma da an kunna sai matsin ya haura kusan 3, in ya huce ya faɗo ƙasa, to wata 'yar tanki ce a ciki mai iska ta sace, wannan nasu ne.

Ga wanda tasa ba irin tawa bace, ciwon ɗaya ne sunan ne daban. Ƙarancin ruwa a Baxi E119 take rubutawa, a Ideal kuma F1. Kar ka ɗauki lambar wani kamfani ka fassara da littafin wani, na ga wanda yayi haka a guruf ɗinmu na WhatsApp ya kwana yana neman abinda ba shi bane.

Wadda ta fi bani wahala F.28 ce, ta gwada kunna wuta bata kama ba ta haƙura. Ita wannan kamar mutum ne yace maka bani da lafiya, bai ce kai bane ko ciki. Dalilanta da yawa, kuma biyu daga ciki kai da kanka zaka iya dubawa. Na farko, akwai gas ɗin ma kuwa? Kunna kukar girki ka gani. Masu mitar kati sun san zancen, kuɗi ya ƙare cikin dare mita ta rufe, da safe boila ta nuna F.28 mutum ya ɗauka ta mutu, kuma ko ka loda kuɗi yawancin mitocin sai ka danna maɓalli a jikinsu kafin su sake buɗe gas. Ka duba hannun da ke jikin bututun mita shima, in yana miƙe tare da bututu a buɗe yake, in ya gitta a rufe yake.

Na biyun shi ne labarin da har yanzu yara suke min dariya akai. Disambar 2022, sanyin nan da akayi kwanaki ana yi ƙasa da sifili, na tashi da asuba zanyi alwala ruwa kamar an tsamo shi daga firiza. F.28. Gas akwai, kuka na ci. Na danna risetin, maɓallin nan mai hoton harshen wuta da aka soke, ta gwada, sai naji wani ƙara a cikinta ƙululu ƙululu kamar mai kuskure baki, ta sake tsayawa. Wannan ƙaran ne ya tuna min maganar mai gyara. Boilolin zamanin nan, tun 2005 doka ta wajabta su a Ingila, suna tatso zafi har daga hayaƙin da ke fita, sai tururin cikinsa ya koma ruwa, ruwan nan yana fita ta wani farin bututun roba zuwa kwata. In bututun ya bi ta waje kuma siriri ne babu abin da aka naɗe shi dashi, sai ya daskare, ruwa ya koma baya ya taru a cikin inji, ita kuma ta ƙi kunnawa. Na dafa ruwa a tukunya na surka shi ya zama ɗumi sosai amma ba tafasasshe ba, don tafasasshe na iya fasa robar, na cika butar alwala, na fita bayan gida da jallabiya da jaket a kai da silifas, fitilar waya a baki, ina tsiyaya ruwa a kan bututun daga sama zuwa gwiwar da ya lanƙwasa. Buta ta farko shiru. Ta biyu shiru. Uwargida ta leƙo ta taga tana cewa Maigida don Allah ka shigo kar ka je ka zame, ƙasa duk ƙanƙara ce. A ta uku naji ƙaras, wani dogon ƙanƙara kamar alli ya zamo ya faɗo cikin kwata ruwa ya biyo bayansa. Na shigo yatsuna basa lanƙwasuwa, na danna risetin, S.01, S.03, S.04. Wallahi ban taɓa jin daɗin ganin lamba huɗu irin na ranar ba. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa da ta hango ni tace haka sukayi fama a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018, ita da kwalbar ruwan zafi ta roba ta narkar da nata. Daga baya mai gida yasa aka canza na waje zuwa mai kauri, milimita 32, aka naɗe shi da soso, bata ƙara yi ba. Wannan laifin wanda ya ja bututun ne tun farko, ba na injin ba.

Risetin ɗin nan kuma ba tasbaha bace da zaka zauna kayi ta ja. Littafinta ma cewa yayi in ka gwada sau uku bata tashi ba ka nemi mai gyara. F.29 wuta ta kama ta mutu a tsakiyar aiki, F.75 famfo ya tashi amma bata ji matsin ruwa ya motsa ba, F.20 tayi zafi fiye da ƙima ta kashe kanta, duk waɗannan ni iyakata na rubuta lambar na ɗauki hoton allo na tura wa mai gida. Hoton nan yana da amfani fa, don mai gyara in ya san lambar tun kafin ya taso yakan taho da kayan da ake buƙata, ba sai ya zo ya duba ya tafi ya dawo bayan kwana uku kuna rawar ɗari ba.

Mu mutanenmu akwai ƙarfin hali, wanda ya saba kwance janareto ya wanke kabireta ya mayar gani yake wannan ma ai sukurori biyu ne. Kar ka buɗe murfin nan. A ƙasar nan aikin gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, kowannensu yana da kati mai hotonsa da lambarsa, a bayan katin an jera irin aikin da aka yarda yayi, kuma ba rashin kunya bane kace ya nuna maka, sun saba. Dalilin ba wai takarda bane kawai, murfin da kansa yana cikin abinda ke tsare hayaƙi, in aka mayar dashi ba daidai ba iskar nan mai guba da bata da wari bata da kala zata iya cika gida kuna barci, irin dai abinda muke ji a gida in an kwana da janareto ko gawayi a ɗaki. In kana haya a Ingila haƙƙinka ne mai gida ya kawo a duba gas duk wata 12 ya baka kwafin takardar, kuma tun Oktoban 2022 dole ya sa ƙararrawar da ke jin wannan iskar a ɗakin da boila take. In kuwa warin gas kaji, babu zancen lamba ko risetin, kar ka taɓa makunnin wuta, buɗe tagogi, rufe hannun mita, fita waje ka kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999.

Abinda ban so ba a injin, allon ƙarami ne, kuma a cikin kabad mai duhu sai ka durƙusa. Lambobin S ɗin a ɓoye suke sai ka danna maɓalli biyu tare ka shiga menu, tsofaffin ƙirar ma sun fi sauƙi don maɓallin i kawai zaka danna. Tana ɗan rubuta bayani da Turanci a ƙasan lambar amma Turancin injiniyoyi ne, kuma cikakken jerin lambobin yana cikin babban littafin masu haɗawa, wanda a gidan haya sai kayi sa'a zaka same shi, ni sai a shafinsu na sauke. Da sun manna 'yar takarda a cikin murfin maɓallan mai lambobi goma da kowa ke haɗuwa dasu da sun huta da kira, muma mun huta. Ni na rubuta tawa da Hausa na liƙa a ƙofar kabad da salatif.

Wani abu da na koya a makare, zafin ruwan lagireto a 75 na same shi, na sauke zuwa 60, gidan yana ɗan jinkirin ɗaukar zafi da safe amma ita a haka ta fi tatso zafin hayaƙin nan. Ranar da sanyi yayi tsanani sai na ɗan ƙara.

Satin da ya wuce wata ƙanwata da ta zo aikin jinya a Bolton ta kira ni ƙarfe goma na dare murya na rawa, Yaya boilarmu ta lalace, mai gidan yana Dubai, ga jariri. Nace me ta rubuta, tace F22, nace juya kyamara ki nuna min ƙasanta. Irin mai tiyon azurfa ce, bawul ɗaya ya ɗan cije sai da mijinta ya sa tsumma ya murɗa. Muna kallo tare 0.4, 0.8, 1.2, nace rufe, rufe duka biyun. Nace ta duba gindin kowane lagireto da tishu kafin ta kwanta, in ta samu jiƙa ta ɗauki hoto ta tura wa mai gidan da safe. Ta samu, a na banɗaki.